Wa Zai Zare Filogin?

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aiki da mutanen wurin naku. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafar ce dai take damunta da safe, amma da rana ta ɗaga sai ta manta da ita ta shiga faɗa da jikoki. Baba kuwa jiki da sauƙi. Tarin yana nan. Huhun da ƙurar auduga ta cinye a masaƙa ba zai dawo sabo ba, likita ma bai ɓoye mana ba. Amma muddin injin iskarsa yana aiki, yana cin abinci, yana hira, har da tsokana.

Saƙonki ya iso. Direban da kika ba wa ya sauke shi a ƙofar shagona yana dafe da ƙugu, ya ce in tambaye ki ko duwatsu kika koma aiko wa gida. Sai da muka kama mu biyu kafin batiran nan suka shiga ɗakin Baba. Mai gyaran wuta na layinmu ya zo ya haɗa komai yadda kika zana: filogin inbata, na'urar da take karɓar aiki in an ɗauke wuta, a bango, batira biyu a gefenta, injin Baba a jikinta.

Auta, ban san ta inda zan fara gode miki ba. Ke ba ki ga yadda muke yi ba kafin zuwan abin nan. Da an ɗauke wuta injin zai yi tsit, ni kuma in yar da guduma a shago in tsallaka titi a guje. In shigo in tarar da Inna tana kokawa da kan tukunyar iska, Baba yana kallon rufi bakinsa a buɗe. Tukunyar kuma ba ta daɗewa, wurin cika ta ga nisa. Na kai matsayin da ko fankar shago ta rage gudu sai gabana ya faɗi.

Jiya da rana aka ɗauke. Na shigo a guje kamar kullum, da garin katako har a gira. Fanka ta tsaya, rediyo ya mutu, amma injin yana ta gurnaninsa kamar ba abin da ya faru. Baba yana kishingiɗe, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kafinta, wa ya biyo ka?” Na tsaya a bakin ƙofa ina haki, ina dariya, hawaye na zuba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Inna ta ɗauko mayafin nan mai aikin zare, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa, ta lulluɓe inbatar da shi. Ta ce kayan Auta ba za su sha ƙura a gidanta ba. Yara kuwa an kafa musu doka, wanda ya matsa kusa ya kuka da kansa.

Ki riƙa rubutowa. Na san ana karɓe muku waya a bakin ƙofar wurin aiki, in kin fito kuma a gajiye kike, gaisuwa kawai muke samu. Baba ya fi son takarda. Sai ya sa na karanta masa, in na gama ya ce in sake.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ina lafiya, sai ɗan mura da sanyin wurin aiki yake sa mini. A gaishe da Baba da jiki, a gaishe da Inna da ƙafa, da Anti matarka da yara. Ka ce wa direba na ji saƙonsa, duwatsu ne, amma masu albarka.

Ka daina gode mini, Yaya, kunya kake ba ni. Ni akwati na aiko. Kai ne kake tsallaka titi.

Baba ya sha tambayata wai me nake yi ne takamaimai, to bari in faɗa yadda za ka karanta masa. Akwai wani babban ɗaki a nan cike da kwamfutoci, jere cikin kabad-kabad na ƙarfe da suka fi ka tsawo. Ba mutum a ciki, sai sanyi da ƙarar fankoki. A cikinsu ake ajiye bayanan asibitoci da kamfanoni, kuma ba a yarda su mutu ko na ƙiftawar ido ba. A waje muna da janareta mai girman motar kaya. Amma in an ɗauke wuta, janareta sai ya yi tari ya yi miƙa kafin ya tashi. Wannan ɗan tsakanin, daga ɗauke wuta zuwa tashinsa, shi ne aikina. Ɗakina yana ƙarƙashin na kwamfutocin, batira ne a kan kanta tun daga ƙasa har sama. Su ne suke karɓar nauyin kafin kowa ya ankara. Kullum ina zagaya su, ina auna su, ina taɓa jikinsu in ji ko wani ya yi zazzaɓi.

Abin da na koya a ɗakin nan shi ne batir maƙaryaci ne. Fitila za ta nuna kore, ya yi maka kyau a ido, alhali ciki ya mutu. Ba ka sanin gaskiyarsa sai ka ɗora masa kaya ka bar shi da su. Shi ya sa lokaci-lokaci mu da kanmu muke kashe wutar ginin. Da safe muke yi, kowa yana tsaye a wurinsa, Oga ya kama babban makunni ya ja. Ranar da na fara gani sai da na yi ta addu'a a zuciya. Amma gara mu kashe muna shirye da a kashe mana muna gyangyaɗi.

To ga abu biyu. Na farko, a cire mayafin Inna yau ɗin nan. Inbata tana fitar da zafi, tana buƙatar iska, kuma ba abin da yake kashe batir kamar zafi. Ka lallashe ta, ka ce ni na roƙa.

Na biyu, duk wata ka zaɓi safiya ɗaya da akwai wuta. Ka cika tukunyar iska, ka ajiye ta kusa da gado. Sai ka zare filogin inbata daga bango, ka bar injin Baba a kan batir, ka zauna ka ga iya inda zai kai. In ta fara kuka ka mayar da filogin. Ya kamata ta riƙe daga safe har bayan azahar. In ta gaza haka, ka sanar da ni nan take. Ɗauke wuta na ɗan lokaci ba gwaji ba ne, ko batir mai ciwo yana iya wannan.

Kada ka yi wasa da na biyun.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Baba ya ɗan yi zazzaɓi a makon da ya wuce amma ya sauka. Inna tana nan. Zafi ne dai ya sako mu gaba bana, rufin ɗaki kamar a soya ƙwai a kai. Allah ya sawwaƙe murar.

Na karanta wa Baba labarin ɗakinki, ya ji daɗi ƙwarai. Wurin janareta mai tari da miƙa ya yi dariya har sai da tarin nasa ya taso, ya ce ashe yana da ɗan'uwa a can. Ƙarshen takardar kuwa ban karanta masa ba, kuma ba zan karanta ba.

Mayafi an cire. Inna ta yi fushi na yini guda, ta ce an raina mata kaya. Don in wanke mata zuciya, kuma don kayanki su samu mazaunin da ya dace da su, na ajiye aikin mutane na yi wa inbatar da batiranta kabad. Auta, sai kin gani. Katakon da nake ɓoyo tun bara na fito da shi. Ƙofa biyu, makulli, ko'ina ya haɗe tsaf, ba kafar da ƙura ko ɓera ko yatsan yaro zai shiga. Na sa ɗan gilashi a gaba don a riƙa ganin koriyar fitila ba sai an buɗe ba. Maganar iska kuma kada ki damu, na bar mata fili a ciki, ga ramin da wayoyi suka fita ta baya. Ƙarar fankarta ma da take hana Baba barcin rana yanzu ba a ji. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya tambayi wa ya yi.

Sai magana ta biyu. Na karanta ta har sau nawa ina neman inda kika ce wasa kike, ban samu ba. Auta, Baba ba kwamfuta ba ne. Ku can in gwajinku ya ƙi, injuna ne za su mutu, a sake kunna su. Ni mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa kike cewa in tsaya a kansa, wuta tana nan lafiya lau, in sa hannuna in zare abin da yake numfashi da shi, in zauna ina kallo in ga iya inda zai kai. Haka fa kika rubuta. Ke ba ki taɓa ganin idonsa ba in iska ta yanke masa. Ni na gani, ba sau ɗaya ba.

Ban ce ba ki san aikinki ba. Kin sani, duk layin nan ana alfahari da ke. Amma zama da ƙarafa ya sa kin fara magana irin tasu. Ana ɗauke wuta nan kusan kullum, na ɗan lokaci, kuma inbatarki ba ta taɓa ba mu kunya ba. Fitila kore ce shar. Wannan ya ishe ni gwaji. Hannuna ba zai iya ba, kuma kada ki sake roƙona.

Duk da haka ina gode miki, kullum, safe da yamma.

Yayanki

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, Baba da sauƙi, Inna tana gaishe ki.

Shiru. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa ba takarda. Na ce ko ta ba ka saƙon baki, ya ce shi bai ma gan ki ba, a wurin mai gadi yake barin nawa. Inna ta kira wayarki ba ta shiga. Ni ban kira ba, na ce ba zan bi ƙanwata da lallashi ba, amma ga shi ina rubutowa, sai ki yi dariya.

In maganar ƙarafa ce ta ɓata miki rai, na janye ta. Bakina ya fi zartona kaifi, kin san haka tun muna yara. Amma fushi da ni daban, Baba daban. Duk yamma sai ya tambaya ko an ji daga mai batira. Ni kuma ƙaryar “aiki ne ya yi mata yawa” ta fara tsufa a bakina.

Ko layi biyu ne ki rubuto. Ki zage ni a layin farko, ki gaishe shi a na biyu.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kafin komai: Baba yana lafiya. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da tsinkewar zuciya. Inna ma lafiya, sai dai har yanzu ba ta gama yi mana faɗa ba.

An yi gwajinki. Ba ni na yi ba.

Ashe ranar da nake yi wa Inna ƙorafin takardarki a tsakar gida, Baba yana jin komai ta taga. Mun saba ɗauka ƙarar inji ta toshe masa kunne. Ya bar maganar a cikinsa duk tsawon lokacin nan. Shekaranjiya da safe, ina shirin fita shago, ya kira ni.

“Kafinta, tukunyar nan cike take?”

Na ce cike take.

“Gangaro da ita nan. Buɗe kan, in ji.”

Na buɗe, ta yi huci, na rufe. Ya sa Inna ta zauna a bakin gado da shayinta. Kin san yadda yake magana yanzu, kalma uku ya huta. Ya ce, “Ciwon huhu nake. Ba ciwon kunne ba.” Ya huta. “A masaƙa muna da famfon kashe gobara. Ja, mai kyau. Kullum a goge shi. Ba a taɓa tayar da shi ba.” Ya sake hutawa. “Ranar da auduga ta kama, ko tari bai yi ba.”

Kafin in gane inda ya dosa, ya miƙa sandarsa, ya saƙalo wayar da kan sandar, ya fizge. Filogi ya faɗo ƙasa. Inna ta saki salati. Na yunƙura zan mayar, ya tare ni da sandar a ƙirji ya ce, “Zauna.”

Na zauna. Injin bai ko girgiza ba. Ta gilashi ina ganin fitila. Har na fara shirya abin da zan rubuta miki, in ce ga shi nan, an tayar wa mutane da hankali a banza. Auta, shayin Inna bai huce yadda za ta iya kurɓa ba, inbatar ta fara kuka. Fitila ta koma ja. Kafin in miƙe, komai ya mutu, injin ya yi tsit.

Na mayar masa da robar hanci kan tukunya, na cusa filogin injin kai tsaye a bango, ya tashi. Duka bai ɗauki komai ba, tunda ga tukunya a gefe, ga wuta, ga ni a tsaye. Baba ko launin fuskarsa bai sauya ba. Ni ne na rikice, don tunani ɗaya ne ya zo mini: da a ce ina can ƙarshen gari wurin kafa ƙofofi aka ɗauke wuta ta yini, Inna ita kaɗai, kowa ya saki jiki da koriyar fitila.

Na buɗe kabad. Zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Batiran sun kumbura, cikinsu ya turo har sai da na ɓalle katako kafin suka fito. Mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya ce dafa su aka yi. Ya shafa kabad ɗin ya ce, “Amma fa aiki ya yi kyau.” Ban san lokacin da na kore shi ba.

Kin faɗa mini iska, na ji da kunnen kafinta. A sana'armu abin da kake ƙauna rufe shi kake yi, kafa kuma aibi ce. Yanzu mun koma gidan jiya, ni da tsallaka titi. Na ƙaro tukunya ta biyu, na daina karɓar aikin nesa. Ki faɗa mini abin da zan yi, zan yi shi yadda kika ce.

Yayanki

*

Yayana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, murar ta tafi tuni. Alhamdu lillahi da lafiyar Baba. Mun yi magana a waya, amma kuka ya hana ni faɗin rabin abin da ke raina, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba fushi na yi ba. An tura mu wata masana'antar gilashi can bayan gari mu haɗa musu batira da janareta, don su in wuta ta yanke musu narkakken gilashi daskarewa yake a cikin tanda. An ce mana kwana kaɗan ne, shi ya sa ban sanar ba. Aiki ya rikice, kayan da muke jira suka maƙale a hanya, wurin kuma ko sabis babu. Na dawo mai gadi ya miƙo mini takardunka uku a haɗe.

Na buɗe ta farko ina murmushi. Maganar ƙarafa ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da hankalina ya koma kan kabad mai ƙofa biyu da ba kafa, ga zafin bana, sai na manta da ita, na miƙe tsaye. Na duba ta biyu, ba labarin kabad. Ta ukun na riƙe ta na kasa buɗewa. Na san abin da zafi yake yi wa batir, na san tsawon lokacin da takardar ta yi tana jirana. Sai na kira Inna. Tana ɗauka, kafin ta ce komai, na jiyo gurnanin inji a bayanta, na jiyo Baba yana tari. Ban taɓa jin daɗin tarin mutum ba sai ranar.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, Yaya. Na rubuta maka kamar ina bar wa abokin aiki saƙo. Mu nan in za a ja makunni, mutum goma ne a tsaye, kuma ba uban kowa a ƙarshen wayar. Kai kuwa kai kaɗai na tura, ban ko ce maka na san da wuya ba. Ka yafe mini wannan. Kuma na gode. Na gode da tukunya ta biyu, da aikin nesa da ka bari, da katakon da ka ɓoye tun bara ka kashe a kan kayana. Ko da ya dafa su, na san da me aka yi shi.

Sababbin batira suna zuwa da direba, ka tanadar masa maganin ciwon baya. Ka yi musu teburi mai ƙafafu, buɗe ta ko'ina, saman ma a jera katako da tazara. A ajiye shi nesa da taga. In Inna ta matsa sai an rufe, a goge ƙura kullum, wannan aikinta ne na ba ta.

Gwajin kuma ba zan janye ba. Sabon batir ma tsufa yake. Amma ka faɗa mini safiyar da ka zaɓa, zan nemi izini in fito waje da wayata, in kasance a kunnenka har ka zare filogin.

Ka ce wa Baba Oganmu ya ji labarin sanda, ya ce in yana neman aiki akwai gurbi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Baba ya ƙara ƙiba kaɗan, likita ya yaba. Baba ya ce a gaya wa Oganku ya karɓi aikin, amma daga kwance zai riƙa yi.

Batira sun zauna a teburinsu. Ban taɓa yin aiki mai muni irinsa ba, duk kafa, kamar wanda katako ya ƙare wa. Na roƙi Inna kada ta faɗa wa baƙi ni na yi.

Kin ji yadda gwajin ya kasance tunda kina kan waya, amma ba ki ga hannuna ba. Sau biyu ina kai shi ina dawo da shi. Da kika ce “ina nan, Yaya,” na rufe ido na zare. Bayan kin koma bakin aiki na ci gaba da zama a gaban fitilar, ko ruwa ban sha ba. Baba kuwa barcinsa ya yi, har da minshari. Sai bayan la'asar ta fara kuka, na mayar.

To ga abin da ban faɗa miki a waya ba. A makon nan taransifomar layinmu ta ƙone da hantsi. Aka ce gyara sai gobe. Da a da ne, da yanzu wani labarin nake rubuta miki. Amma na san iya inda batiran za su kai, tunda na gani da idona. Na ƙarasa ƙofar da nake yi, na je wurin mai walda na aro ƙaramin janaretansa, na dawo a tafiyata ta mutum mai hankali. Kafin inbata ta yi kuka mun haɗa. Ba wanda ya yi gudu a gidan nan ranar. Inna har wanki ta yi.

Da yamma na zauna kusa da Baba ina yanke masa farce. Abin da ya daɗe yana cina na tambaye shi. Na ce, Baba, ranar nan da ka sa sanda, me ya sa ba ka umarce ni ba kawai? Ka san in ka ce in zare, ko ina kuka zan zare.

Ya dubi farcen da nake yankewa. Can ya ce, “Na ji ka ce hannunka ba zai iya ba.” Ya huta. “In ka zare abin ya zo da tsautsayi, har ka mutu kana kallon hannun nan.” Ya huta. “In ba a zare ba, batir ya mutu ba kowa kusa, 'yar'uwarka za ta ce kayanta ne suka kashe ni.” Ya ja iska sosai, ya miƙo mini ɗaya hannun in ci gaba da yankan. “Ku biyu na duba. Hannuna ne kaɗai ba wanda zai zarga.”

Na gama yanke masa farcen, ban san yadda na gama ba. Na ce zan leƙa shago. Na shiga na rufe ƙofa, na daɗe a zaune a kan benci.

Mu muna nan muna ta lissafin yadda za mu riƙe masa numfashi, Auta, ashe shi da ɗan numfashin da ya rage masa mu yake riƙewa. Ki nemi hutu ki zo ki gan shi.

Yayanki